Furar Inna Altine

Shekarar da Gado ya karɓi baftisma a Dogon Dutsi, ya koma ƙauyensu kusa da Lugu da zafin sabon shiga, kai ka ce da shi aka rubuta Littafin. Mahaifiyarsa Altine kuwa 'yar bori ce. Kowace kaka, in sabon gero ya shigo gida, sai ta dama fura, ta zuba ludayin farko a gindin rumbu saboda Doguwa, iskar gidansu, kafin kowa ya kai baki.

Gado ya karanta cewa Allah ɗaya ne, ba a haɗa shi da kowa. Ba ƙarya ya karanta ba. Sai dai daga nan ya yanke wa kansa hukunci cewa duk abin da ya fito daga hannun uwarsa ya ƙazantu. In ƙanwarsa Husaina ta kawo masa ƙwarya, sai ya kau da kai.

"Ki ce ma Inna na ƙoshi."

Haka shekaru suka yi ta wucewa. Tsohuwa ba ta taɓa yi masa gori ba, ba ta kuma fasa aikowa ba, har ciwo ya kwantar da ita, ya shanye mata ɓarin jiki.

Wata Lahadi fasto ya yi wa'azi cewa ƙasa da duk abin da ke cikinta na Ubangiji ne. Shi ya halicci gero, shi ke saukar da ruwa, kuma shi ya ce a girmama uwa da uba. Gado ya sha bi ta wuraren nan a Littafi, amma idonsa tsallake su yake yi, don ba su yi daidai da fushinsa ba. A ranar nan, kunya ta kama shi, ya kasa ɗaga kai.

Daga coci ya zarce gida, ya tarar da Husaina tana surfe. Ya faɗa mata abin da ya ji.

"Sai yau?" in ji ta. "Tun da ka shiga addinin nan, Inna taka hura take hwara ɗiba, ta aje gehe, kahin ta zuba ma Doguwa. Tana tsoron iska ta yi hushi, amma ta ce ɗanta ba shi shan sauran kowa."

"Don mi ba ki hwaɗa mani ba?"

"Ka taɓa tsayawa ka ji?"

Ya shiga ɗakin tsohuwa, ya durƙusa gaban tabarmarta. Duk maganar da ya shirya ta ɓace masa.

"Inna," ya ce, "ƙishirwa nika ji."

Fuskarta ta washe. Ta yunƙura za ta tashi, jiki ya ƙi. Ta daɗe tana kallon hannunta na dama da ke kwance kan cinyarta, sannan ta ɗaga murya.

"Husaina, dama ma yayanki hura. Ni hannun ya tahi."