Fuskar Gidan Mai Taya

Ni nake zana wa Baba fuskokin gidaje. Shi magini ne, amma an fi saninsa da shafe da adon waje. Zai karɓi gida tsirara, bulo a fili, ya yi masa fuskar da mai wucewa zai waiwaya. Karatuna bai wuce firamare ba, sai dai hannuna ya saba da fensir tun ina ƙarama. Da idon Baba ya fara rauni, sai ya riƙa kai ni in ga gida, in dawo in zana a bayan kwalin kalanda, shi kuma ya kai wa mai gida. Ba a taɓa gaya wa kowa ni ce mai zanen ba. Ni ma ban so a faɗa ba, don idan baƙo ya yi mini magana harshena nauyi yake yi.

A wurin Baba na koyi cewa kowane tsayi da irin adonsa. Gidan ƙasa, marar bene, yana son layi a kwance, don ya yi faɗi a ido. Mai hawa biyu, baranda ce idonsa, ita ake fara gyarawa. Dogon gida kuwa, a sa masa launi mai duhu a ƙasa, mai haske a sama, kada ya yi kamar zai faɗo wa mutum a ka. Gidan ƙasa na zana da yawa, mai hawa biyu na yi guda huɗu. Mai hawa uku ban taɓa yi ba sai a gidan Mai Taya.

Mai Taya dillalin tayoyin mota ne, gidansa yana bakin titi, tsallaken shagon wanki. Shekara shida da suka wuce gidan ƙasa ne, Baba ne ma ya yi masa shafe. Daga baya ya ɗora hawa na biyu, bana ya ɗora na uku, duk a kan tushen nan na farko. Da ya ba Baba aikin fuskar, ya kuma yarda Yaya ta tare a ɗakuna biyu na ƙasa a ƙarshen wata. Yaya ita ce babbar gidanmu. Ita da mijinta direba da 'ya'ya biyu suna cikin ɗaki ɗaya mai yoyo, idan ana ruwa sai sun ɗage katifa. Tun ranar da aka yi mata alkawarin ta fara ɗinka labule.

Ranar da muka je duba gidan, mun tarar da Mai Fenti, abokin aikin Baba, yana zaune a kan bokiti.

"Ga Injiniya ta iso," in ji shi. "Yau ma an bar bakin a gida ko an zo da shi?"

"Ka ƙyale mini Auta," in ji Baba. "Kai da ka zo da naka me ya ƙara maka?"

Na tsaya tsallaken titi ina kallon gidan, kamar yadda na saba kafin in zana. Siriri ne, dogo, ya fi maƙwabtansa duka. A nan na ga wata tsaga a bangon. Ta fara daga kusurwar tagar ƙasa ta hagu, ta hau a karkace tana bin gaɓar bulo kamar matakala, har ƙarƙashin barandar hawa na biyu. Na ja rigar Baba na nuna masa. Ya matsa ya bi ta da yatsa har inda hannunsa ya kai.

Mai Taya ya fito yana kaɗa makullin mota.

"Malam Magini, wannan ai tsohon shafe ne ya gaji. A rufe shi kawai. Ina son fuskar da duk wanda ya zo wucewa sai ya taka birki."

"Ranka ya daɗe, za a yi. Amma ka ba ni kwana bakwai."

Baba ya ciro guntun gilashin taga daga jakarsa, siriri, mai ɗan kore-kore, kusurwa ɗaya a ɓantare. Ya gicciya shi a kan tsagar, ya manne bakinsa biyu da siminti, ɗaya a kowane gefe.

"Idan bango ya gama motsi, gilashin zai zauna lafiya," ya ce. "Idan yana tafiya har yanzu, zai karye. In ya kai kwana bakwai, na rufe maka."

"In kuma ya karye?"

"Sai mu yi wata magana."

Mai Taya ya yi dariya, amma ya daɗe yana kallon gilashin.

Kwana uku na yi a kan zanen. Na sa faffaɗan allon duwatsun ado masu ruwan ƙasa daga dandamali har ƙarƙashin baranda, ta gefen hagu, daidai inda zai haɗiye tsagar gaba ɗaya. Na sa irinsa a dama don kada a gane dalili. Hawa na biyu ruwan madara, na uku fari, da siririn layi baƙi a ƙarƙashin kowace taga. Ban taɓa zana abin da ya kai shi kyau ba. Da Baba ya kai wa Mai Taya, ya dawo ya ce mutumin har tsaye ya miƙe. Na shiga ɗaki na yi murmushi ni kaɗai.

A kwana na biyar Yaya ta ja ni mu je mu auna tagogi. Ƙofar ɗakin farko ta ƙi buɗuwa sai da ta sa kafaɗa.

"Sabon gida ke nan," ta ce. "Komai da ƙarfinsa."

Ta ajiye ƙaramin ɗanta a ƙasa, ya saki gorar ruwansa. Gorar ta gangara a hankali, ba wanda ya taɓa ta, ta bi siminti har kusurwar hagu ta tsaya. Yaya ba ta gani ba, tana lissafin yadi. A sama ana jan wani abu mai nauyi, ƙura tana zubowa kaɗan-kaɗan daga silin.

"Kurma," ta ce da ni, "riƙe mini bakin tef ɗin mana. Me kike kallo?"

Na riƙe. Da muka gama na ce zan sha iska, na zagaya waje.

Gilashin ya karye. Bai faɗi ba, rabi biyun suna manne a simintinsu, amma bakinsu bai haɗu ba. Na hagu ya sauka ƙasa da na dama kamar kaurin ashana.

"'Yar Magini."

Na juya. Mai Taya ne a bayana, ban ji zuwansa ba. Ya sa makullin mota ya ɓamɓare rabi biyun ya zuba a aljihu.

"Masu wucewa ne suka buge shi," ya ce a hankali. "Kin san titi. Ke yarinya ce mai hankali, na lura ba ki da surutu. Yayarki tana ciki ko? Ta sha wahala a wancan ɗakin, na ji labari. Kada a ɓata mata rai a kan guntun gilashi."

Na sunkuyar da kai. Na ji bakina ya ce to.

Kwana biyu ban ci abincin kirki ba. Sau uku na zauna kusa da Baba zan faɗa, sai Yaya ta shigo da wani labulen tana nuna mana, ko ta ce ta ga inda za ta sa keken ɗinkinta, a gindin tagar hagu, don nan haske ya fi. Nan kuma za ta shimfiɗa wa yara tabarma, ta riƙa ganinsu tana aiki. Na ce a raina wataƙila masu wucewar ne da gaske. Na ce ni me na sani, da ko aji shida da ƙyar na gama.

A kwana na bakwai da safe muka je da kayan aiki. An sauke duwatsun ado a ƙofar gida, an kafa katakon hawa. Yaya ma ta biyo mu da tsintsiya da bokiti za ta wanke ɗakuna. A kan tsagar akwai gilashi lafiya lau, manne da sabon siminti. Fari ne tas, kusurwoyinsa huɗu cif. An ɗan sa shi sama da inda na farko yake.

Baba ya matsa ya ƙanƙance ido, ya shafa shi da yatsa daga wannan baki zuwa wancan.

"Ya zauna," ya ce. "To, madalla. A kwaɓa siminti."

"Na gaya maka," in ji Mai Taya. "Kun ɓata mini mako a banza."

Mai Fenti ya fara zuba ruwa a kwaɓi yana waƙa. Ta taga ina jin tsintsiyar Yaya. Baba ya ɗebi siminti a cokalin gini, ya ɗaga dutse na farko. Idan dutsen nan ya hau, zuwa la'asar babu mai sake ganin tsagar, sai zanena.

Maganar ta ƙi fitowa. Sai na kama hannun Baba, wanda yake riƙe da dutsen. Ya dube ni.

"Auta, lafiya?"

Na karɓi dutsen na ajiye. Na ja yatsunsa ƙasa da sabon gilashin, inda ragowar simintinsa na farko yake, dunƙule biyu da aka ɓamɓare. A jikin kowanne akwai shatar bakin gilashin. Na ɗora yatsansa a ta dama, sannan a ta hagu. Na sake mayar da shi dama, na sake kawo shi hagu.

Baba ya tsaya. Da kansa ya sake shafawa, sau biyu. Sannan ya kai hannu kan sabon gilashin yana laluben kusurwar da ta ɓantare, bai same ta ba.

"Wannan ba nawa ba ne," ya ce.

Mai Fenti ya daina waƙa.

"Malam Magini, idonka ne," in ji Mai Taya. "Kowa ya san ba ka gani sosai."

"Idona ne ba ya gani, ranka ya daɗe. Hannuna lafiyarsa ƙalau. Auta, kin ga na farkon?"

Kowa ya juyo yana kallona. Mai Taya ma. Na kalli ƙafafuna.

"Ya karye," na ce. Ban san ko an ji ba, sai na ƙara. "Shekaranjiya. Gefen hagu ya sauka. Mai Taya ya zuba shi a aljihu."

Baba ya kankare simintin da ke cokalinsa ya mayar cikin kwano. Ya ce gidan yana nutsewa ta hagu, tushen ba zai ɗauki hawa uku ba, a kira masu ilimin abin su duba kafin kowa ya kwana a ciki. Ya ce shi ba zai rufe ba. Mai Taya bai ɗaga murya ba. Ya ce magina sun fi bulo yawa a gari, mu kwashe kayanmu. Da Baba ya nemi zanen, Mai Taya ya ce ai zane ya zama nasa. Sannan ya leƙa ta taga ya ce wa Yaya ta ajiye tsintsiyar, ya fasa ba ta ɗakunan.

A hanya Yaya ba ta yi kuka ba, gara ma da ta yi.

"Shekara ashirin ba ki magana," ta ce, "sai yau kika ga dama. Gidaje nawa ne suke da tsaga a garin nan? Sun faɗi? Ke za ki zo ki ɗage mini katifa in an yi ruwa?"

"Ki bar ta," in ji Baba.

"Ba zan bar ta ba. Labule shida na ɗinka, Baba. Shida."

Ta daina zuwa gidanmu. Baba ya je ofishin masu duba gine-gine ya faɗa, aka rubuta a takarda, aka ce za a zo.

Wani magini ne ya yi aikin, cikin kwana tara. Ya bi zanena bai canza komai ba, har baƙin layin ƙarƙashin taga. Gidan ya yi kyau fiye da yadda na zata. Masu mota suna rage gudu. Na ga wasu mata biyu sun tsaya suna ɗaukar hoto a jikin duwatsun hagu. Mai wanki ya ce mutum uku sun tambaye shi wanda ya tsara fuskar.

Ranar ɗaya ga wata Baba ya aike ni karɓo kayansa a shagon wankin. Ina tsaye sai ga motar kaya ta tsaya a ƙofar gidan. Aka fara sauke katifu, da tukwane, da ƙaramin gadon jariri. Wata mata mai ciki ta fito daga gaban motar tana dafe da baya, 'yan mata biyu ƙanana suna riƙe da bakin zanen da ta ɗaura. Ta ɗaga kai ta kalli gidan tun daga ƙasa har sama, ta yi dariya, ta ce wa mijinta wani abu.

Mai wanki ya miƙo mini kayan. A gindin duwatsun hagu, a kan dandamalin da aka share da safe, akwai ɗan tarin garin siminti, sabo, kamar wanda tururuwa ke fitarwa.

Matar ta zauna a bakin dandamalin tana hutawa, ta jingina bayanta da duwatsun. Motar Mai Taya tana ajiye a gefe, ban san ko yana ciki ba, gilashinta baƙi ne. Na rungume kayan wankin a ƙirji, na jira babur biyu suka wuce, na tsallaka.

"Sannu da zuwa, Anti," na ce. "Don Allah ki ɗan taso daga nan. Akwai abin da nake so in gaya miki kafin a shigar da gadon."