Tayoyin Alhaji Masu Farin Gefe

"Ba ni ɗaura su, Bappa."

"Ba ka mi?"

"Ba ni ɗaura su ga motar da Kaka za ta shiga."

Bappa Kalilu, ƙanen mahaifina, ya yi mini kallon da ya saba yi mini tun da na gama sakandare na ƙare a rumfar facin taya a unguwar Badariya. Shekara guda ke nan da aka ba mu sabuwar jiha. Abokaina sun samu tebur a sakatariya, ni na samu famfo da guduma.

Tayoyi biyar ne jingine da bangon zaure, masu farin gefe, irin na da. Kakana Alhaji ya saye su bai kai ga ɗaurawa ba ya rasu. Aka naɗe su cikin buhu aka ɗora saman rufi, ƙarƙashin kwano, shekara ashirin da biyu. Tsohuwar Marsandinsa ma ta zauna a garka, can ƙofar gida. Da ita yake kai Kaka Laure ganin gida Argungu duk shekara. Yanzu ƙanwarta Hauwa'u ta dawo daga Makka, Kaka ta ce za ta je barka, kuma a motar mijinta, da fararen ƙafafunta yadda ta san ta. Wata uku Bappa ya yi yana tada injin.

"Ko ƙasa ba su taɓa takawa ba," in ji shi. "Dubi zanensu. Wani attajiri daga Sakkwato ya yi ta bina in sayar mai, na ƙiya. Babu irinsu yanzu."

"Roba ba ta jiran hanya kahin ta tsuhwa."

Na danna farce. Tauri kamar ƙaho. Na hau gefen ɗaya da gwiwa, ƙananan tsaga suka buɗe kamar faso a dunduniya.

"Ƙura ce," in ji Bappa. "Boko bai ba ka aiki ba, ya dai ba ka baki."

Kaka ta leƙo daga cikin gida. "Maigidana, kishi kaka yi da Alhaji har yau? Bar mai tayunai."

"In na bar mai, ke zai ɗauke min a hanya."

Ta yi dariya. Bappa bai yi ba.

Na ɗauki ta biyar, safaya, na gangara da ita gidan Tamba, maƙwabcinmu mai amalanken shanu. Gatarin amalankensa, ƙarfen da tayoyi ke juyawa a kai, na tsohuwar mota ne, kuma tayarsa ta hagu ta suɗe. Na gaya masa gaskiya: gwaji nake, ina zaton za ta fashe. Ya ce shanu ba su gudu, in ta fashe in mayar masa da tasa, in ta rayu ya ci riba.

Na sa mata sabon tif a ciki, na ba ta iska daidai yadda mota ke so. Muka loda albasa buhu goma sha biyu. Rana ta take. Na je na kira Bappa.

"Tahiyar shanu ce," na ce masa. "Ba ta mota ba. In ta kai kasuwa, yau zan ɗaura sauran."

Ya biyo mu a baya, hannu a baya, yana gaisawa da mutane kamar ba tare muke ba. Muka hau kwalta. Farin gefen yana juyawa, kyau kamar me. Na fara jin kunya tun kafin lokacinta.

Ba mu fita Badariya ba sai tayar ta yi ƙara. Shanu suka zabura, Tamba ya riƙe su. Bayan tayar ya saɓule gaba ɗaya kamar ɓawon dafaffen rogo, zarurrukan ciki a waje, amalanke ya karkace, albasa ta bi kwalta.

Bappa ya tsuguna. Ya ɗauki guntun robar, ya lanƙwasa, ta karye a hannunsa. Ya daɗe a haka.

"Kakarka ta sa rai," ya ce a hankali. "Hwarin take son gani."

"Za ta gani. Amma sai na yanka su."

"Duka huɗun?"

"Duka."

Ya dubi guntun da ke hannunsa. "Yanka, Zayyanu."

Ranar ce ya fara kiran sunana ba tare da "kai" a gaba ba.

Ya sayo baƙaƙe sababbi. Kwana biyu na yi da wuƙa. Na zagaye farin kowace tsohuwa na cire shi kamar zobe, na kankare bayansa har ya yi laushi. Ɗaya ya tsage, na ɗinke ta ciki. Na cusa bakin kowane zobe tsakanin ƙarfen rim da sabuwar taya, na ba da iska, rim ya cije shi. Na wanke da sabulu da tsumma. Nauyi na kan sabuwa, ado na kan tsohuwa.

Da hantsi muka tashi, Bappa na tuƙi, Kaka a baya. Sau biyu na sa ya tsaya na taɓa tayoyin. Bai yi gardama ba. Fadama ta buɗe, shinkafa kore har inda ido ya tsaya, Kaka na kiran sunayen ƙauyuka tun kafin mu kai su.

A ƙofar gidan Hajiya Hauwa'u mutane suka taru kan motar kafin su taru kan baƙi. Kaka ta fito, ta dafa ni, ta dubi ƙafafun.

"Haka take," ta ce, ta shige.

Wani tsoho, Riskuwa, wanda ya yi direba zamanin Alhaji, ya matso da sandarsa. Ya sunkuya ya shafa farin, ya shafa baƙin, ya danna farce. Ya ɗago ya dubi Bappa. Bappa ya dube ni. Ni na dubi hanya.

"Shin tayun Alhaji na waɗanga, har yau?" in ji Riskuwa.