Fitilar da Koka Ke Zuba wa Mai

Kogin Luit ya fara cin ƙauyenmu tun kafin a haife ni. Ya ci gonar shinkafarmu, ya ci makarantar da na fara karatu, bana kuma ya iso bayan namghar, ɗakin da muke taruwa mu rera sunan Ubangiji yadda Guru, babban malamin addininmu, ya koya wa kakanninmu.

A ƙuryar namghar akwai fitilar yumɓu a gaban littafi mai tsarki. An ce wani mabiyin Guru ne ya kunna ta, kuma ba ta taɓa mutuwa ba. Kakana Bhogeswar, wanda muke kira Koka, shi ke zuba mata mai, yadda ubansa ya yi. Mata ba sa shiga ƙuryar. Ni dai na karanta cewa Guru bai ware kowa ba, amma ban taɓa faɗa a gaban mutane ba.

Ranar nan da hantsi maza suka kwashe ganguna da littafin suka kai tudu. Fitila sai sun gama kafa rumfa za su dawo su ɗauke ta da waƙa. Koka na zaune a bakin ƙofa da kumburarriyar ƙafarsa, ni da kakata Aita mun kawo masa shayi, sai ƙasa ta yi ƙara. Ta tsage tun daga gindin ayaba har ƙarƙashin bango.

"Majoni, ruga ki kira Tankeswar," in ji Koka. Tankeswar ƙanen babana ne, muna ce masa Khura.

"Kafin mai tumbin nan ya gangaro, kifaye sun shanye manka," in ji Aita. "Tashi ka ɗauko abarka."

"Da wace ƙafar?"

"Wadda ke kai ka hira gidan abokinka Purna kullum."

Ya yunƙura, ya koma ya zauna. Bai ce in shiga ba. Ya dai dube ni, ya kau da kai.

Na shiga. Ashe 'yar ƙarama ce, ba ta cika tafin hannuna ba, ga zafi. Na kare ta da bakin mayafina na fito, Aita ta tallafi Koka. Ba mu yi nisa ba bangon baya ya zame cikin ruwa, da gwangwanin man da komai.

A kan tudu maza suka daina aiki.

"Wa ya shiga ya ɗauko ta?" in ji Khura Tankeswar, alhali yana ganin ta a hannuna.

"Karɓi dai tukuna," in ji Koka.

"Deuta, in karɓa in ajiye ina? Gaban littafi? Sai an tambayi malaman ƙetaren kogi," in ji Khura. Deuta yake kiran ubansa.

"Wa zai sa kwalekwale a ruwan nan yau?" in ji Purna, abokin Koka. "Ai wutar ce mai tsarki, ba kaskon ba. A kunna wani lagwani a jikinta."

"Wutar a hannun wa ta zo?" in ji Khura.

Na duba, man ya kusa ƙafewa. Na ce, "Khura, mai." Bai ji ba. Aita ta ji.

"Ina da mai a kwalba," ta ce.

"Wanda kike soya kifi da shi, Ma? Haba," Khura ya ce wa uwarsa.

"Ai da shi ka yi wannan tumbin."

Wasu suka yi dariya. Koka ya miƙo hannu zai karɓa, sai ya tuna ya dafa laka, ya sha shayi, bai sake wanka ba. Ya janye hannun. Aka aika gidan da ake zaton akwai man da bai shiga madafa ba, can ƙarshen tudu.

Ina tsaye, yatsuna suna ƙuna. Wutar ta koma shuɗiya, ta kwanta a kan lagwani. Suna kan maganar malaman ƙetare ta mutu. Ni kaɗai na gani.

Koka ne ya lura da hayaƙin. Ya zauna a ƙasa, ya juya fuskarsa wajen ruwa. Can sai Khura ya tambaya a hankali ko akwai mai ashana.