Sauron Hanan

Zailani ya ɗaga gwangwanin feshi ke nan, 'yarsa Hanan ta yunƙura daga kan gado.

"Yaba! Kar ka fesa!" Yaba take ce wa mahaifinta.

Ya tsaya da hannu a sama. A kusurwar ɗakin akwai kejin raga da aka lulluɓe da jiƙaƙƙen tawul, sauro na ta kuka a ciki. Ranar da aka rufe jami'a Hanan ta ɗauko kejin a raksha, babur mai ƙafa uku, tun daga Khartum har Umdurman, rungume a cinya. Bincike take yi kan yadda jikin sauro ke jure zafin rani bai bushe ba. Shi dai baduku ne, abin da ya sani shi ne 'yarsa na kwance da zazzaɓi.

"Su suka kwantar da ke," in ji shi.

"Ba su ba ne. Waɗannan a hannuna aka ƙyanƙyashe su, ba su taɓa cizon mai cuta ba. Na waje ne suka same ni."

Ya ajiye gwangwanin, ya taɓa goshinta. Sai ya ga hawaye na gangara cikin kunnenta.

"Jikin ne?"

"Yunwa suke ji, Yaba. Matan ba sa yin ƙwai sai sun sha jini. Sun fara tsufa. In suka mutu ba ƙwai, aikina duka ya tafi."

"Da can jinin wa suke sha?"

Ya ja hannun rigarta sama a hankali, ya ga jajayen ɗigo tun daga wuyan hannu har gwiwa. Yarinyar da tun tana jaririya bai taɓa barin ta kwana ba gidan sauro ba!

"To, gara da zazzaɓin ya hana ki."

"Ba ƙarfi na rasa ba. Tsoro nake kar in sa musu cutar."

Mahaifiyarta Khadiga, da ke bakin ƙofa da shayi, ta riƙe haɓa. "Ka ji boko, Malam. Yau sauro ake karewa daga mutum."

Zailani ya juya. Ya fita tsakar gida, suka ji ƙarar buta. Can ya dawo, hannun jallabiyarsa a naɗe, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunsa.

"A ina ake sawa?"

Hanan ta dube shi. "Yaushe rabonka da zazzaɓi? Ka sha wani magani kwanan nan?"

"Tun bara lafiyata lau. Ke, ana ba ki kyautar doki kina duba haƙori?"

Ta yi dariya har da tari. Ta ce ya yaye tawul ɗin, ya kwantar da hannu a kan ragar, kar ya motsa.

Ya yi bisimilla ya ɗora. Suka taso gaba ɗaya. Da ya ji cizon farko, ɗaya hannun nasa ya tashi da kansa zai kai mari, Khadiga ta cafke shi, ta zauna kusa da shi tana riƙe.

Ya sunkuya yana kallon cikkunansu na cika suna yin ja. Jim kaɗan ya ɗaure fuska.

"Hanan, waccan ta gefe ba ta sami wuri ba."

Ya ɗan gusa hannunsa.