Ofishin da Dogo Ya Rufe

Dogo ake ce masa a kamfanin zanen gine-gine, har sabbin ma'aikata ba su san yana da wani suna ba. Aikinsa shi ne zana hanyar da bututun ruwa da wayoyin lantarki za su bi a cikin gini. Teburinsa na bakin taga a hawa na uku, daf da na Akanta, wani dattijo mai tumbi wanda bakinsa ba ya hutawa. Kullum da safe sai Akanta ya ɗaga kai ya dube shi ya ce, "Yaya garin a can sama? Ana ruwa?" Dogo ya ce, "In an fara zan sanar da ku na ƙasa."

Ana nan sai ciwon ƙoda ya kwantar da matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda shekarun da ta yi tana koyar da lissafi. 'Yarsu tilo tana karatu a wata ƙasa mai nisa. Dogo ya rasa inda zai sa kansa: in yana ofis hankalinsa na gida, in ya kai ta asibiti aiki na jiransa. Ran nan ya shiga wurin Manaja.

"Yallaɓai, aikina duk a cikin kwamfuta yake. Ita kuwa ba ta san ko a ofis take ko a falo ba. A bar ni in yi daga gida."

Manaja ya cire tabarau ya murza ido. "In na bar ka, gobe kowa zai zo ya ce kakarsa ba lafiya."

"A gwada ni. In aiki ya ja da baya, da ƙafata zan dawo."

Aka gwada shi. Ya jawo ƙaramin tebur ya kafa a kusurwar ɗakin kwana, inda zai iya ganin gadon ba tare da kyamara ta ɗauko shi ba. Tsakanin zane da zane ya ba ta magani, ya gyara mata matashi, ya dawo. Malama kuwa ta samu abin yi. Daga kwance take sauraron taron da suke yi ta bidiyo, har ta haddace muryoyinsu. Wata rana Manaja na tsakiyar jawabi sai Malama ta ce, "Wannan mai cewa 'a taƙaice' bai taɓa taƙaitawa ba." Ashe Dogo bai kashe makirufo ba. Sai dariyar Akanta ta fashe kamar an fasa tulu. Manaja da kansa ya ce, "A gaida Malama, na ji gyara."

Aiki bai ja da baya ba, gaba ma ya yi. Manaja ya fara buga misali da shi, daga baya ya ɗora masa koya wa sauran yadda ake aika zane da gyara shi tare daga nesa. Dogo ya yi da zuciya ɗaya, don ya ga amfanin abin da idonsa. Mai jego ta daina barin jaririnta tun asuba. Mai zama a bayan gari ya huta da cunkoson mota. Sannu a hankali tebura suka zama wayam, har kamfanin ya ga babu dalilin riƙe hawa guda don kujeru su zauna su kaɗai. Aka saki ofishin.

Akanta ne kawai ya yi ƙorafi. Ya bugo waya ya ce, "Kai yaron nan ka cuce ni. Ni da matata muna zaman lafiya ne don ba ma ganin juna da rana. Yanzu ta gano ina barci a bakin aiki."

Malama ta rasu wata rana da hantsi. Ta kira shi a hankali, ya rufe kwamfuta ya zo ya zauna a bakin gadon, ta riƙe masa yatsu. Ta ce ya buɗe labule tana son ganin haske. Ya buɗe ya dawo, ta sake riƙe shi, ba ta ƙara cewa komai ba.

'Yan'uwa suka zo suka tafi. 'Yarsa ta zo, ta ce, "Baba, bari in ajiye karatun in zauna da kai." Ya ce, "Kul. Da uwarki ta ji wannan magana sai ta ja miki kunne." Ya raka ta filin jirgi ya dawo, gidan ya yi masa faɗi.

Abokan aiki suka yi masa gaisuwa ta allo, kowa a cikin ɗan akwatinsa, wata muryar na yankewa. Sun yi da gaske, ya sani. Amma da ya danna maɓalli sai duk su ɓace, ya rage daga shi sai gadon da aka gyara. Wani lokaci in an yi abin dariya a taro sai ya waiwaya don ya ga ko ta ji. Ya mayar da teburin zuwa falo, hakan bai canza komai ba. Ya daina kunna kyamara, ya ce ta lalace. Akwai ranakun da in ba taro, ba ya jin muryar kansa sam.

Wata safiya ya yi wanka, ya goge riga, ya rataya jakar kwamfuta ya hau bas. Bai yi shawara da kansa ba, ƙafa ce kawai ta kai shi. Ya hau matakala har hawa na uku ya tura ƙofa. Katifu ne jere tun daga bakin ƙofa har tagarsa, kowace a cikin leda. Wata budurwa mai sayarwa ta taso da fara'a.

"Sannu da zuwa, Baba. Ta mutum ɗaya kake so ko ta mutum biyu?"

Dogo ya dubi inda teburinsa yake a da. Ya juya ya fita, ya zauna a kan matakala.

Lokacin taro ya yi, ya shiga ta waya kamar yadda ya saba. Yatsansa ya taɓa kyamara bai lura ba. Manaja na cewa wani kamfani na son Dogo ya yi musu bayanin alfanun aiki daga gida, Dogo ya ce to. Ana tashi sai ga kiran Akanta.

"Na gane koren fentin nan da ke bayanka. Kada ka motsa."

Ya iso yana haki, ya zube kusa da shi a kan matakalar. Ya ɗora hannu a kafaɗar Dogo kawai. Rabon da wani ya taɓa shi tun ranar da 'yarsa ta tafi. Nan kukan da ya riƙe ya ƙwace masa, masu hawa da sauka suna raɓa su suna wucewa.

Da kukan ya lafa Dogo ya ce, "Ba nadama nake ba, Yaya. Da ina nan wurin, da waya za a bugo a gaya mini. Ina riƙe da hannunta. Amma yanzu ba ni da inda zan je da safe."

Akanta ya share fuskarsa da hannun riga. "Tashi. Akwai gareji a gidana, ba mota a ciki sai tarkace. Teburi biyu zai ɗauka in ka yarda ka sunkuya a ƙofa."

Tun daga nan Dogo ke zuwa garejin wasu ranaku a mako. Daga baya mai jegon nan ma ta fara leƙowa da ɗanta. Ya yi wa kamfanin can bayanin da aka nema, ya faɗi alfanun duka bai rage ba, ya ƙara da cewa su bar ɗaki ko guda ne a buɗe don wanda gida ya yi wa nauyi.

Da yamma in kowa ya rufe kwamfutarsa, shi ne na ƙarshen tashi. Sai ya nannaɗe wayar caji, ya warware, ya sake nannaɗewa. Akanta na ganinsa, sai ya ƙirƙiro wani dogon labari, su tsaya a bakin ƙofa har bas ɗaya ta wuce su jira ta gaba.