Dashen Mangwaro a Nobtenga

Tasere Nikiyema ya sauko daga motar Wagadugu yana kakkaɓe kafaɗar rigarsa, don wata akuya da aka ɗaure a saman mota ta yi masa fitsari ta taga tun a rabin hanya. Ya tsaya ya dubi kasuwar Nobtenga, ya ja tsaki. Shekara arba'in da shida rabonsa da kwana a garin nan, amma rumfunan zana suna nan yadda ya bar su. Kekuna jibge a gindin ɗorawa, jakuna na kuka, mata sun jera tukwanen burkutu a inuwa, ƙudaje na biki.

"Mutanen nan," in ji shi a ransa, "ko tashin duniya aka yi sai bayan kwana uku za su ji, ranar da kasuwa ta zagayo."

Ba zumunci ya kawo shi ba. Shekara talatin da biyu ya yi yana buga hatimi a wani ofis a birni, bana za a sallame shi. Mai gidan da yake haya kuma ya ce ɗansa zai yi aure, yana son gidansa kafin ƙarshen shekara. Da Tasere ya juya hagu ya juya dama, sai ya ga duk faɗin duniyar nan ba shi da inda zai kafa ko turken akuya, in ba gonar ubansa ba. Ita kuwa tun shekara ashirin da takwas da suka wuce marigayin ya ba wani Yamba Zungrana aronta. Ita ya zo karɓa, kuma so yake ya gama kafin motar la'asar, don ba zai kwana kan tabarma ba.

A layin masu daddawa ya sami Goggo Tipoko, ƙanwar ubansa. Ta tsufa ta rankwafa, amma idon nan yana nan garau.

"Kai! Wa nake gani kamar Tasere? Ashe kana da ƙafa?"

"Ina kwana, Goggo."

"Lafiya. Ina iyali? Ina gajiyar hanya? Ina mutanen birni? Ina..."

"Duk lafiya, duk lafiya," ya katse ta yana duban agogo.

Ta dube shi. Ta jawo ƙwarya ta dama ruwan gari da tsamiya, ta kurɓa, ta miƙa masa da hannu biyu. Ya leƙa cikin ƙwaryar kamar wanda aka miƙo wa ruwan wanki, ya ɗaga gorar ruwan da ya zo da ita daga birni.

"Ina da nawa."

"Baƙo ba ya magana sai ya sha ruwa, ɗana."

"Ni ba baƙo ba ne. Tashi ki nuna min gonar."

Gonar tana bayan kasuwa, tafiyar da ba ta kai a tauna goro ɗaya ba. Tasere ya san ta faƙo ce, jar ƙasa mai tauri kamar goshin maƙeri, wadda ko ciyawa ba ta yarda da ita. Yanzu kuwa an jera duwatsu layi layi don tare ruwa, an haƙa ƙananan ramuka ba adadi, kowanne da takinsa, dawa ta fito kore shar da ruwan farko. Wani zai tambaya wane ne ya kwaso duwatsun nan, da bayan wa. Tasere bai tambaya ba. Ya riƙe ƙugu ya yi dariya.

"Dubi lalaci, Goggo! Shekara ashirin da takwas mutum na zaune a wuri, ko mangwaro ɗaya bai dasa ba. Ko gwaiba! Sai ɗorawar da Allah ya shuka da kansa."

"Ɗorawar nan ni nake tsinke ta duk shekara, da ita nake daddawa," in ji Goggo. "Yamba bai taɓa ɗaukar ko kwanso ɗaya ba. Mutum ne mai sanin iyaka. Shi ya sa bai dasa komai ba, ai ka san mai aron..."

"Goggo, ki bar kare raggo. Ni na san abin da zan yi."

Ya juya ya nufi kasuwa, ya bar tsohuwa tana jan sanda a baya.

Abin da ya hana Goggo ƙarasawa, ko macen da aka auro jiya a ƙasar Mosi ta san shi. Mai aron gona yana noma, yana girbi, yana iya tsufa a kanta jikokinsa su gada, amma ba ya dasa itace. Dawa baƙuwa ce, wata huɗu ta tafi. Itace kuwa zama yake yi, kuma inda itacen mutum ya zauna, ƙasar ta zama tasa. Amma wanda ya bar gida yana ɗan shekara goma sha biyu, ya kuma ƙi sauraron tsofaffi, kansa cike yake da hatimi.

A bakin kasuwa, kusa da masu gyaran keke, wani dogon mutum mai suna Drabo ya baza dashen mangwaro cikin baƙaƙen ledoji. Basamo ne, su kuwa Samo da Mosi taubasai ne tun kakanni, ba a fushi da bakinsu. Yana ganin takalmin Tasere ya washe haƙora.

"A'a! Yau ga bawana ya sa takalmin Bature! Zo nan ka gai da ubangidanka, Bamoshe. Wa ya ba ka izinin zuwa birni?"

"Ka san da wa kake magana?" in ji Tasere, fuska a murtuke.

Masu gyaran keke suka dubi juna. Drabo ya kama baki.

"Ashe bawan nawa ya yi nisa. To, ranka ya daɗe, me za a ba ka?"

"Mangwaro arba'in, mai aure. Ka zaɓo masu kyau."

Dabarar ta zo masa ne tun a gona, kuma tana yi masa daɗi kamar zuma. Damina ta kama, yanzu ne lokacin dashe. Shi ba zai iya zama ba, ba kuma zai sa hannunsa a laka ba. To ga wanda ya ci gonar shekara ashirin da takwas a banza, ai sai ya yi aikin. Kafin kaka itatuwa sun kama ƙasa, Yamba ya kwashe dawarsa ya ƙara gaba, shi kuma ya zo ya tarar da lambu. Mutum ya dasa abin da zai kore shi da hannunsa! Tasere ya ji ya burge kansa.

An nuna masa Yamba a gindin babbar tsamiya, inda dattawa ke zama ranar kasuwa. Ɗan ƙaramin mutum ne busasshe, rigar saƙi duk faci, kwandon zabi a gabansa. Kusa da shi wani tsoho tukuf na zaune kan fatar tunkiya da jar hula da ta koɗe. Shi ne tengsoba, mai ƙasa, wanda ba a rabon gona ko binne gawa a Nobtenga sai da saninsa. Tasere ya ɗauka wani mabaraci ne, ya wuce shi ko kallo babu.

"Kai ne Yamba?"

Yamba ya miƙe, ya cire hula, ya rusuna. "Ni ne, ɗan maigida. Sannu da zuwa. Ina gajiya? Ina mutanen..."

"Bar wannan. Ga mangwaro can arba'in wurin Basamon nan. Ka kwashe su ka dasa a gonar ubana, yau ɗin nan."

Hirar gindin tsamiya ta ɗauke ɗif. Wata mai burkutu ta tsaya da ludayi a sama.

Yamba ya juya hular a hannunsa. "Ɗan maigida, kunnena ya tsufa. Wa zai dasa?"

"Kai mana! Ko akwai wani Yamba?"

"Da hannuna?"

"A'a, da ƙafarka. Ji min mutum!"

Goggo Tipoko ta iso tana haki, ta kama gefen rigarsa. "Tasere, don darajar ubanka ka zo gida mu yi magana. Ba a maganar gona a kasuwa."

"Goggo, ki sake ni. Ai gara a kasuwa, kowa ya ji, kada gobe a ce ba a yi ba. Na san halinku, ku yi ta kewaye-kewaye da kaji da goro har shekara ta ƙare."

Yamba ya sake rusunawa. "Ɗan maigida, ubanka ya yi min alheri, ba zan ci ɗansa da duhu ba. Ka zo ka dasa na farko da hannunka, ni in bi da sauran a matsayin ɗan aiki. Ko ɗaya ne."

Tasere ya kalli wandonsa, ya kalli takalminsa, ya tuntsire da dariya. "Ni? In durƙusa cikin kashin jaki? Wato ƙyuya ce ta sa kake neman mataimaki. Ba zan taɓa ko ɗaya ba. Kai za ka dasa su duka, kai za ka ba su ruwa, kai za ka tsare su daga awaki."

Sai tsohon nan mai jar hula ya yi gyaran murya. Bai ɗaga kai ba, ƙasa yake kallo.

"Ɗan Nikiyema, da bakinka ka faɗa?"

"Da bakin wa zan faɗa, tsoho?"

"Sau uku ke nan," in ji tsohon. Ya ɗebi burkutu kaɗan daga ƙwaryarsa ya zuba a ƙasa. "Ƙasa ta ji."

"To madalla, ta ji da kyau," in ji Tasere.

Goggo ta saki rigar. Ta koma wurin daddawarta, ba ta waiwayo ba.

Kafin ka ce kwabo Yamba ya ba wani ajiyar zabinsa, ya jawo amalanken jaki, aka loda dashe. Matansa biyu suka bar rumfarsu, ƙannensa suka bar cinikin tumaki, duk suka bi amalanke da gudu. Tasere ya gyaɗa kai. Ka ga abin da tsawa ɗaya ta yi! Mutanen ƙauye ba sa jin lallashi.

Ya samu benci wurin mai gasa kaza, ya sa aka yanka masa guda, ya ci da yaji yana lissafin inda zai sa ɗaki da inda zai sa rijiya. Mutane na wucewa suna kallonsa, wasu har su dawo su sake kallo. Ya ɗauka takalmin ne.

Rana ta karkata sai ga Drabo ya naɗe kayansa a bayan keke, ya tsaya a gabansa.

"Bawana, ashe haka kake da kyauta? Na yi shekara ashirin ina cin kasuwar nan, ban taɓa ganin Bamoshe ya ba da ko ƙashin kaza ba. Kai ka ba da gona sukutum, har da mangwaron rakiya!"

"Wace gona?"

"Ta ubanka mana. Ko kana da wata?" Drabo ya dubi fuskarsa, dariyar ta ɗan ragu. "Kai, da gaske ba ka sani ba? Ni da nake Basamo na sani! Mai gona ya ce wa mai aro dasa itace, a gaban mai ƙasa, sau uku. Me ya rage? Mutumin nan har ƙofa ya buɗe maka, ya ce ka dasa ɗaya, ka ce wandonka."

Tasere bai san sanda ya miƙe ba. Ya ratsa layin masu tukwane, ya taka wa wata mata barkono, ya yi gudun da rabonsa da shi tun yana makaranta. Takalmin Bature ya cika da laka.

Ramuka a gonar Yamba ba sai an haƙa ba, ga su nan da takinsu, faɗaɗawa kawai aka yi. Ƙananan mangwaro sun tsaya layi layi tsakanin duwatsu, kowanne an kewaye shi da ƙaya, ƙasar gindinsa jiƙe. Mata na wanke hannu a bokiti. Goggo Tipoko na zaune a gindin ɗorawa, tana kallon rassanta kamar mai sallama da wani.

"Ku tuge su!" in ji Tasere yana haki. "Yanzun nan!"

Ba wanda ya motsa.

"Tuge da kanka," in ji Goggo a hankali, "in kana son a rasa mai haƙa maka kabari a garin nan."

"Zan kai ƙara! Akwai hukuma a ƙasar nan!"

"Da wace takarda? Ubanka da baki ya ba shi, kai ma da baki ka ba shi. Kasuwa guda ce shaida. Kai ka ce gara kowa ya ji."

Tasere ya tuna ofishinsa. Shekara talatin da biyu yana mayar da mutane gida don ba su da takarda.

Yamba ya matso, hula a hannu, yana rusunawa kamar ɗazu. Ba dariya a fuskarsa, ba kuma kunya.

"Ɗan maigida, ɗorawa ta Goggo ce har ranar da Allah ya ɗauke ta. In kuma ka dawo gida kana son wurin noma, ka zo da kaza, mu je wurin mai ƙasa. Zan ba ka aro. Ba a hana ɗan Nikiyema."

Daga kasuwa aka ji odar motar la'asar. Yamba ya koma amalanke ya ɗauko leda ɗaya da ta rage.

"Talatin da tara suka shiga. Wannan na bar maka, ka kai birni ka dasa a gidanka."

Tasere ya karɓa, don bai san abin da zai yi da hannunsa ba.

A mota ya samu wuri kusa da taga, ya ɗora ledar a cinya, ruwan laka na ɗiga a wandon. Wata mata mai buhun gyaɗa ta leƙo, ta shafa ganyen.

"Kai, mai aure ne! Irin mai kyau. A ina za ka dasa, baba?"

Tasere ya juya fuska waje. A saman mota wata akuya ta fara kuka.