Bugun Bututu Ranar Lahadi

Ƙarfe ɗaya da kwata na rana ya fara buga bututun. Na san lokacin don na duba agogo, kuma ni idan na duba agogo ba na mantawa. Lahadi ce, na ci abinci na wanke kwanona guda, na miƙe a doguwar kujera ke nan sai na ji kwan, kwan, kwan, daga bututun ɗumama ɗaki wanda ya sauko daga hawan maƙwabcina na sama zuwa nawa. Ya yi shiru, ya sake. A nan Stuttgart ta ƙasar Jamus ko yaro ya san ba a buga ko ƙusa ranar Lahadi, balle da tsakar rana mutane na hutawa. Na ce a raina, lalle maƙwabcin nan nawa Herr Stengele ya samo sabuwar hanyar tsokanata.

Na ɗauko sandar tsintsiya na doki silin sau uku. Nan take bugun ya ƙaru, da sauri da sauri. Na ƙara masa uku. Da na ga abin ba na ƙarewa ba ne, na zauna na rubuta masa takarda:

"Lahadi, biyu saura kwata na rana. Herr Stengele, rabin awa ke nan kana buga bututu. Wasunmu muna da kunne. Kuma matakala tana nan da ƙurarta, alhali makon shararka ne. E. Pfisterer."

Na hau bene na tura ta ƙarƙashin ƙofarsa, na sauko na toshe kunnena da auduga. Gara in faɗi gaskiya tun yanzu. A lokacin yana kwance a ƙasan ɗakin aikinsa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace ba ya iya kira, yana buga bututu da rular ƙarfe da hannun da ya rage masa.

Ottmar Stengele mai zanen barkwanci ne. Shekara arba'in ba a buɗe jaridar garinmu ba tare da an ga zanensa a shafi na biyu ba. Yana saurayi ya gudo daga Jamus ta Gabas saboda wani zane da ya ɓata wa manyan can rai, ya zo nan ya ci gaba da ɓata wa namu. Ya yi wa ministoci kunnen jaki, ya zana janar-janar suna shan nono a kwalba. Sau biyu ana kai shi kotu, sau biyu yana fitowa ya zana alƙalin. Duk wannan bai dame ni ba, ni ba ruwana da siyasa. Ruwana da matakala, domin a gidanmu na haya kowane hawa da makon shararsa, kuma shi sharar tasa sai ka ce kaza ce ta yi tono.

Abin ya lalace ne shekara goma sha ɗaya kafin wannan Lahadin. Wata safiya na shiga shagon burodi na tarar kowa na kallona yana danne dariya. Ashe ya zana ƙasar Jamus a siffar mace mai ɗaure da zanen aiki, tana tura shara ƙarƙashin tabarmar ƙofar maƙwabci, ministoci na mata tafi. Hancina ne, ɗaurin gashina ne, har tawadar Allah da ke haɓata bai bari ba. Mijina Egon, yana da rai a lokacin, ya yi dariya har ya sarƙe da gahawa. Daga ranar ban sake ce wa Herr Stengele ko sannu ba.

Sai dai maƙwabci ba ka rasa abin faɗa masa, don haka na koma rubutu. Ya bar kwalabe a bakin ƙofa, takarda. Ya haɗa shara wuri guda bai ware ba, takarda. Shi kuma ba ya amsawa da kalma ko ɗaya. Zai juya takardar ya yi zane a bayanta, kafin gari ya waye ta dawo ƙarƙashin ƙofata: ni a kan doki da tsintsiya a madadin mashi, ko shi a durƙushe yana lashe matakala. Na adana su duka a gwangwanin biskit, wai hujja nake tarawa. Bayan rasuwar Egon, wani makon ba mai turo min komai sai shi.

Ranar Litinin na leƙa ƙofata ban ga amsa ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Da na so in ce damuwa ce ta sa na kira Herr Kuhnle mai kula da gidan, amma ƙara na kai.

"Zo ka ga matakala da idonka," na ce masa. "Mako guda cur, ko tsinke bai ɗauke ba."

"Frau Pfisterer, ke dai ko a aljanna sai kin shafa yatsa kin duba ƙura," in ji shi. Amma da muka hau ya ga jarida a ƙasa ba a ɗauka ba, sai ya daina wasa. Ya ƙwanƙwasa, shiru. Ya zaro makullinsa. Wajen ƙarfe goma ke nan. Ban shiga ba, ina tsaye a matakala har ma'aikatan motar asibiti suka sauko da shi. Idonsa biyu. Ya kalle ni, ni kuma na kalli takalmina.

Da yamma 'yarsa Almut ta iso daga Bremen. Ban taɓa magana da ita ba, amma ta rungume ni a bakin ƙofa, da jakar tafiyarta a hannu.

"Herr Kuhnle ya ce ke kika kira shi. Ba don ke ba da a nan zai cika shi kaɗai." Ta share hanci. "Likita ya ce ya kwana a ƙasa. Wai da an same shi cikin awa biyu ko uku, da wata maganar ake. Amma wa zai sani? Gidan nan bangonsa kauri."

Na ce, "Kauri kam."

Ta ba ni makulli in riƙa ba furanninsa ruwa, tunda ita a asibiti za ta riƙa wuni. Tana fita na haye. Ba furanni suka kai ni ba. Takardata tana nan, an take ta an shure ta ƙarƙashin ma'ajin takalma, da shatin takalmin wani a kanta, ranar da lokacin suna nan raɗau da rubutuna mai kyau wanda nake alfahari da shi. Na ninke ta na jefa a jaka. Ta ƙofar ɗakin aikin na hango rular a ƙasa, da inda fentin bututun ya ɓare. Na zuba wa furannin ruwa har ya malala.

Ranar Laraba Almut ta ce yana nemana. Na ce ina da wanki. Ta ce za ta jira ni a mota.

Na same shi ya ƙanƙance cikin gado, gemunsa ya tsiro fari. Maganarsa tana fita a karkace, sai ka matso ka saurara.

"Sannu da jiki, Herr Stengele," na ce.

"Ashe kina da murya." Ya huta. "Na ɗauka Egon ya tafi da ita."

"Baba, don Allah," in ji Almut.

"Ƙyale shi, ko ciwo bai gyara masa baki ba," na ce.

Rabin fuskarsa ya yi murmushi. "Wa ya share matakala?"

"Ni."

"To an sharu ke nan. Ki tura min da lissafin ƙurar."

Almut ta yi dariya, ta ce min tun jiya yake neman fensir, wai zai koya wa hannun hagu aiki. Ga fensirin nan a kan bargo, tsakanin yatsunsa. Ta miƙa masa littafin zane, ya ture shi, ya juyo da idonsa kaina.

"Ina takardata?"

"Wace takarda, Baba?"

"Tata. Na ji an turo ta. Ina kwance ina hango gefenta ta ƙofa." Ya numfasa. "Ban taɓa barin takardarta ba amsa ba. Kawo, Frau Pfisterer, kafin hannun nan ya canza shawara."

Jakar tana kan cinyata, hannuna biyu a kanta. Abin da zan yi bai fi in buɗe ba. Amma Almut na zaune a gefena, kafaɗarta na taɓa tawa, kuma na san idan ya juya takardar zai yi zane, rubutun ita zai fuskanta. Shekarata sittin da tara ba wanda ya taɓa kama ni da laifi a unguwar nan, ni ce mai kama mutane.

Na ce, "Ban rubuta maka komai ba wannan makon."

Ya daɗe yana kallona. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana karanta fuskar maƙaryata don ya ci abinci, ba ni zan ruɗe shi ba. Idonsa ya sauka kan jakar, ya dawo. Na jira ya tona ni, har wani ɓangare na zuciyata yana so ya yi.

"To kunnena ne," ya ce. Ya saki fensirin. Sannan ya juya ga 'yarsa. "Ita ta amsa min, kin sani? Na buga, ta bugo. Uku, sannan uku. Na ce to, da mutum a ƙasa."

Bai faɗi ranar ba. Almut ta ɗauka safiyar Litinin yake nufi, ta kama hannuna ta matse. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba. Na ce zan je in kama jirgin ƙasan unguwa, na fita ban yi masa sallama ba.

Ya rasu ranar Juma'a da hantsi. Jaridarsa ta bar wurin zanensa fari a shafi na biyu. Bayan jana'iza aka taru shan gahawa da kek, wani tsohon edita ya miƙe ya yi jawabi, ya ce marigayin bai taɓa tsoron mai mulki ba, sannan ya nemi a gode wa maƙwabciyar kirki da ta sa ido a kansa. Suka juyo suna gyaɗa min kai. Na ci kek ɗin duka, don ban san abin da zan yi da bakina ba.

Na yi niyyar ƙona takardar. Sau biyu ina kunna murhu ina kashewa. Cikin gwangwani ma ta ƙi shiga, don duk na ciki suna da zane a baya.

Mako biyu bayan haka Almut ta dawo kwashe kaya, na hau taya ta. Muna kicin, ni ina sauko da kofuna daga kanta, ita tana naɗe su da tsoffin jaridu tana jerawa a kwali. Tana ta hira, wai mahaifinta ya sha gaya mata a waya cewa a duk Jamus mutum ɗaya ne ke karanta shi da gaske, kuma a ƙasansa take zaune.

Na ajiye kofin da ke hannuna, na buɗe jaka, na miƙa mata.

"Wannan ce ya tambaya. Ina da ita a ranar."

Ta karanta a tsaye. Na ga idonta ya koma layin farko ya tsaya.

"Lahadi," ta ce.

"Lahadi."

"Kin ji shi."

"Na ji. Na ɗauka tsokana ce. Na sa auduga a kunne."

"Har ƙarfe nawa ya yi ta bugawa?"

"Na cire audugar ƙarfe huɗu. Yana yi, amma a hankali. Wajen biyar ya daina."

"Har wannan ma kin duba agogo."

Ta juya takardar ta kalli bayanta, babu komai sai shatin takalmi.

"Kuma ya san tana jakarki."

"Ya sani."

Ta ja kujera ta zauna, ta daɗe tana kallon taga. Na so ta zage ni, ko ta ce in fita, da ya fi min sauƙi. A ƙasa wani yana ta ƙoƙarin tada mota tana ƙi. Can ta ninke takardar gida huɗu ta sa a aljihun rigarta, ta miƙe ta jawo wata jarida ta shimfiɗa a tebur.

"Saura na saman kanta, Frau Pfisterer," ta ce, ba ta dube ni ba.

Na hau kujera na sauko da kofi, na miƙa mata. Ta karɓa ta naɗe, ta sake miƙo hannu.